Yadda Kawu Sule Ya Zama Hasken Idona

Ba zan taɓa mantawa da walimar auren Yaya Bashir ba. Ko da na so in manta, dangi sun ɗauki nauyin tuna min, kyauta.

Lokacin ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun kwamfuta, kaina ya fara kumbura. A gidanmu a Zongo an ɗauke ni injiniya tun ranar da na gyara wa Mama wayarta (kashewa na yi na kunna). Da aka zo shirin walima, ni da bakina na ce kada sanƙira ya wahala da takarda. Zan rubuta manhaja: duk baƙon da ya shigo, in danna lambarsa, majigi ya haska sunansa a bango da furanni kewaye, sanƙira ya karanta. Furannin sun ci min kwana uku. Sauran aikin, yini ɗaya.

Sai na ɗan yi bayani, don a san irin ramin da na haƙa wa kaina. A Java, yaren da muke rubuta manhaja da shi, akwai abin da malamanmu ke kira classe mère da classe fille, wato uwa da 'ya. Na gina uwa, ita ke riƙe sunan baƙo. Sai 'ya'ya biyu da suka gaje ta: ta baƙi gama-gari da ta manyan baƙi. Ƙa'idar ita ce, idan aka ba 'ya suna, a layinta na farko ta kira uwa da kalmar super, ta miƙa mata sunan. In ta yi shiru, Java ba ya faɗa. Shi da kansa zai kira uwar hannu wofi, ita kuma ta fito da sunan da aka ajiye mata na ko-ta-kwana.

Masu hankali kan ajiye suna mara ma'ana a wurin. Ni kuwa, wata rana ruwa na sauka a kan kwanon ɗakinmu, zuciyata ta yi laushi, na rubuta: "Nura, hasken idona."

Nura ɗan ajinmu ne daga unguwar Tokoin. Shekara guda ina sonsa a ɓoye, kuma hira mafi tsawo da muka taɓa yi a kan aron caja ce. Shi ya ara mana majigin, shi ya zo ya haɗa.

An yi walimar bayan la'asar a wani zaure a unguwar Amoutivé. Da farko komai ya tafi sumul. Ƙawayen amarya suna shigowa, sunayensu na fitowa, ana tafi. Ina jin Goggo Rabi tana gaya wa na kusa da ita, "'Yar ƙanena ce. Turawa ma nemanta suke." (Babu Baturen da ya san ina duniya.)

Sai Kawu Sule ya iso. Yayan Baba ne, daga Kumasi ya taso, mutumin da in ya yi gyaran murya yara ke gyara zama. Ɓangaren manyan baƙi kuwa da safiyar ranar na rubuta shi, ana yi min lalle a hannu ɗaya. Na sa muƙami, na sa harafi ruwan zinare, ban sa super ba. Ban kuma gwada ba, don injiniya ba ta gwaji sau biyu.

Na danna. Sanƙira, wanda bakinsa ya riga tunaninsa, ya ɗaga murya:

"Jama'a, ga babban baƙo ya iso. Alhaji Nura, hasken idona."

Kawu ya tsaya, ya waiwaya ya ga wanda ke bayansa. Babu kowa.

A nan mai hankali za ta rufe kwamfuta. Ni sai na danna na gaba, wai ko zai gyaru da kansa. "Malam Nura, hasken idona." Limamin unguwarmu ke nan. Na sake dannawa. "Hajiya Nura, hasken idona." Uwar amarya ke nan. Da harafin zinare, da furannina na kwana uku suna juyawa a hankali.

Goggo Rabi ta miƙe. "Wai wane ne Nuran nan?"

Nura ɗaya ne a zauren, kuma yana tsaye kusa da ni riƙe da wayar majigi. Ya sunkuya ya duba allon kwamfutata, ya karanta a natse kamar likita.

"Ba ki kira super ba," ya ce.

"Na gani."

Ya ƙara layin, ya sake kunnawa, sunan Kawu ya fito daidai. Sannan ya nuna ɗaya layin da yatsa, bai dube ni ba. "Wannan fa?"

"Suna ne kawai ya zo min."

"To," in ji shi. Har yau ban san ko ya yarda ba ne ko tarbiyya ce ta yi masa yawa.

Na ɗauka Kawu zai yi faɗa. Da ma faɗan ya yi. Da na je gaishe shi na durƙusa, sai ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "'Yata, na gode. Shekara arba'in da aure, matata ba ta taɓa ce min haka ba." Tun daga ranar, duk Sallah in ya kira Baba sai ya ce a gaishe da mai idon.

Da muka koma gida, Mama tana ninke mayafi ta jefo min tambaya. "Ɗan gidan wa ye?" Na fara yi mata bayanin uwa da 'ya da layin farko. Ta bar ni na gama tsaf, sannan ta ce, "Na ji. Ɗan gidan wa ye?"

Nura bai taɓa tayar da maganar ba. Sai dai yanzu in zai ari caja, wajen wata yake zuwa.

Abin da na koya shi ne, maganar da ba zan iya faɗa wa mutum ido da ido ba, kada in ba kwamfuta ajiyarta. Ba ta da kunya, kuma ba ta san liman ba.