Ranar da Na Kwantar da Kwamfutar Faiza

Ba zan taɓa mantawa da wannan Juma'ar ba, ko da tsufa ya cinye sauran ranakun.

Jikata Faiza tana shekarar ƙarshe a jami'a, nan Parakou. Ta ajiye kwamfutarta a ɗakina, a unguwar Titirou, lambobi suna ta hawa a fuskarta. Na ce mene ne wannan? Ta ce, "Kaka, kin san kwanukan biki? Can cikin zuciyar na'urar akwai mai rabon wurin ajiya. Kowane aiki ya zo ya ara, ya gama ya mayar. To akwai wanda yake ara ba ya mayarwa. Kwana uku zan sa ido ba yankewa, in kama shi."

Na gane sarai (ni da na yi shekara talatin ina bin kwanukana gida-gida).

Rana ta biyu, ranar Juma'a, aka yi rasuwa a dangin uwarta a Djougou. Za ta tafi ta ce, "Kaka, don Allah kada ki taɓa."

Da azahar na ji abin yana huci. Na ɗora hannu, zafi rau, kamar goshin mai zazzaɓi. Tausayi ya kama ni. Na rufe murfin a hankali, na lulluɓe shi da zanena, har da cewa sannu. Bayan la'asar na buɗe, lambobin suka ci gaba, na ce shi ke nan, ba wanda ya gani.

Da ta dawo ta daɗe tana kallo. "Kaka, an rufe ta?"

Na ce, "Ni? Me ya haɗa ni da ita?"

Ta gaskata ni, ta ƙaryata na'urar. Sati guda tana neman kuskure a aikinta, abinci ma sai na yi da gaske, ni kuwa bakina gum. Lokacin sake gwajin ya wuce.

Ranar sutunans, wato ranar kare aikin gaban malamai, na sha ado na zauna a sahun gaba. Ubanta Alasan yana fassara mini Faransancin a kunne. Aka haska wani layi a bango, yana hawa, yana hawa, sai gibi a tsakiya. Babban malamin ya ɗora yatsa a wurin.

Alasan ya ce, "Inna, wai awa uku sun ɓace. Ko an rufe na'urar, ko Faiza ce ta goge abin da ba ta so a gani. In gogewa ce, ta faɗi."

Faiza ta ce ba a rufe ba, kakarta ta shaida, kakarta ba ta ƙarya.

Ban san sa'ad da na miƙe ba. Na ce da Hausa, "Malam, ni ce. Zazzaɓi take yi, na kwantar da ita."

Alasan ya fassara, kansa a ƙasa. Dariya ta fashe daga baya. Malamin ya tambayi lokaci, na ce daga azahar zuwa la'asar. Ya duba, ya yi daidai da gibin.

Faiza ta ci jarrabawar. A hanyar gida ba ta yi mini faɗa ba, cewa kawai ta yi, "Kaka, da kin gaya mini." Wannan ya fi dariyar ciwo.

Yanzu in abu ya yi zafi a gidan nan, goshi nake nema tukuna. In ba shi da goshi, zanena yana jikina.