Jawabin Malam A-Sake a Babban Zaure

Duk wanda ya ce garin nan ba shi da manyan mutane, bai taɓa bi ta layinmu da hantsi ba. Da ya bi, da ya ga Darakta zaune a ƙofar garejinsa, ƙafa ɗaya kan ɗaya, da baƙin tabarau, da hula a karkace, da ƙyallen ulu nannaɗe a wuya ko da rana tana narka kwalta. Allah ya yi masa baiwar ido. Ba ya kallon abu yadda sauran jama'a ke kallo. Sai ya haɗa yatsun hannuwansa su yi kusurwa huɗu, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa duniya ta ciki. Haka yake kallon gajimare, haka yake kallon mai gyaran famfo, haka kuma aka ce ya fara ganin matar da ya aura.

A gabansa Darakta ake ce masa. A bayansa kuwa Malam A-Sake, don ba a taɓa yin abu a gabansa sau ɗaya ya gamsu ba. Fim ɗinsa na farko, wanda shi ne kuma na ƙarshe zuwa yanzu, har gobe ana kan ɗauka. Jaririn da aka goya a fitowar farko yanzu motar haya yake tuƙawa, har da gemu. Jarumar ta aurar da 'yarta. Akuyar da ke giftawa a bayan jarumi ta riga mu gidan gaskiya, jikanyarta ce ta gaji aikin. In an tambaye shi yaushe fim zai fito, sai ya yi murmushin tausayi.

"Masu gaggawa ne ke gama fim," yake cewa. "Mu gina shi muke yi."

Ko a cikin gida fasahar ba ta hutawa. Mai ɗakinsa, malamar makaranta ce mai yawan haƙuri, in ta kawo shayi ta ɓangaren taga sai ya ɗaga hannu ya ce kat, wato a tsaya, ta tare haske, ta koma ta shigo ta hagu. Da fari takan koma. Daga baya ta gane cewa in ta ajiye kofin ta yi tafiyarta, shayin dai yakan shanye.

Sau ɗaya ya taɓa zuwa bikin fina-finai a ƙasar waje. Babu wanda ya san ko ya zauna ya kalli fim a wurin, amma ya ɗauki hoto a gaban kowane allo, ya dawo da mura, da katin shiga mai shuɗiyar igiya, da kalmomi biyu da suka zame masa sanda: "a can". A can ba a tafi haka. A can ba a zama haka. A can ko tari mutum zai yi sai da tsari. Katin ya koɗe har sunan ya goge, amma yana rataye a wuyansa ko gaisuwar mara lafiya za shi.

Albarkacin wannan tafiya ce ya mai da garejinsa Cibiyar Tallafa wa Masu Shirya Fim Masu Zaman Kansu. Kayan aikin cibiyar ba su da yawa, amma suna da tarihi. Akwai kyamarar da aka daina sayar da kasat ɗinta, da ƙafar kyamara da aka ɗaure da waya, da fitila babba wadda ƙwai kawai take jira. Akwai kujerar zane da aka rubuta DARAKTA a bayanta. Abin da ba ya yankewa shi ne shawara. Ita kam ko ba ka nema ba za a cika maka jaka.

Duk da haka masu sha'awar fim suna zuwa. Akwai inuwa, akwai wurin cajin waya, kuma a gaskiya shi ne mutum na farko da ya taɓa gaya musu cewa su ma za su iya yin fim. Matsalar kawai, bai taɓa gaya musu ana gamawa ba.

Cikin masu zuwan akwai 'yar ƙanwarsa, wadda kowa ke kira Auta. A shagon hoto take aiki, tana haɗa bidiyon taro da na ɗaliban da suka gama makaranta. A ranakun hutunta ta riƙa aron kyamarar shagon tana zuwa wurin wani tsoho mai gyaran agogo da idanunsa suka fara dushewa, har ta haɗa gajeren fim a kansa. Ta kawo wa kawunta ya gani. Ya kalla ta tsakanin yatsunsa daga farko har ƙarshe, ya yi ajiyar zuciya, ya ce akwai alamar baiwa, amma sai an sake. Auta, wadda ba ta taɓa musa masa ba, ta sunkuyar da kai ta ce, "Kawu, an gama." Waɗanda ke wurin sun ce sai da ya nemi ruwa ya sha.

Ta aika fim ɗin wani ɗan bikin fina-finai da ake yi a wani otal a ƙarshen gari, aka kuwa zaɓe shi. Lokacin da aka ba ta kaɗan ne, tsakanin azahar da la'asar. Kuma a daidai lokacin ne wakilan wata gidauniya za su zauna, masu ba wa sababbin masu shirya fim aron kyamara da ɗakin haɗa hoto, daga nan su wuce filin jirgi. Shekaru Auta ta yi tana roƙon mai shago kyamara tana mayarwa kafin ya buɗe. Irin wannan dama ba ta saba biyowa ta layinmu ba.

Masu bikin suka ce wani na iya gabatar da fim ɗin da kalma biyu ko uku. Maganar ta faɗa kunnen Darakta, nan take ya amince da gayyatar da ba a yi masa ba. Auta ta kasa cewa a'a. Shi ya riƙe mahaifiyarta bayan rasuwar kakansu, shi ya fara ɗora mata kyamara a kafaɗa tana ƙarama.

Ya shiga atisaye a gaban madubin falo. Jawabin ya faro ne daga ranar da ɗan Adam ya fara ganin inuwarsa a bangon kogo. Abinci ya huce, aka ɗumama, ya sake hucewa, shi kuwa bai kai ga ƙirƙiro kyamara ba. Auta ta samu matar kawun nata a kicin, idonta ya ciko, ta ce in Kawu ya hau mumbari da wannan jawabin, baƙin za su tashi ba su ga ko fuskar mai agogo ba. Ta roƙe ta ta sa baki. Mai ɗakin ta ce tun ranar da aka kawo ta gidan take ƙoƙarin gajarta masa magana, har yau ba ta yi nasara ba, sai dai su yi addu'a.

Ranar biki Auta ta yi sammako don gwada sauti. Darakta ya ƙi bin ta, domin a can babba ba ya riga jama'a zuwa. Sai da lokaci ya gota ya iso da mai ɗakinsa, ya sha guga, katinsa na lilo a ƙirji.

A barandar otal ƙofofi biyu ne. Ɗaya ƙarama ce can ƙurya kusa da matakala, an manna mata farar takarda da kibiya. Ɗayar kuwa mai murfi biyu ce, da jar darduma, da tukwanen furanni, da wani ƙaton ƙyalle mai hoton kaza ta buɗe fukafukai. Darakta ya dubi kazar ya gyaɗa kai. Ya bayyana wa matarsa cewa manyan bukukuwan fim na duniya duk da dabba suke tambari, wani zaki, wani damisa, to ga namu sun waye. Ita kuwa ta riga ta karanta 'yar takardar da ke ƙurya.

"Malam, ina ga kamar..."

"Kat," in ji shi, bai ko waiwayo ba.

A tarihin aurensu ba ta taɓa bin wannan umarnin da sauri irin na ranar ba. Ta ja bakinta ta tsuke, ta gyara mayafi, ta bi kibiya.

Shi kuwa yana tura babbar ƙofa wata mata mai riƙe da waya a kunne ta tare shi a gigice, ta tambaye shi ko shi ne, tun ɗazu ake jiransa. Ya ce shi ne mana. Wane ne kuma za a jira? Ta ja shi har kan dandamali ta danƙa masa makirufo.

Taron shekara ne na ƙungiyar masu kiwon kaji. Zauren ya cika maƙil, an ci an ƙoshi, an gaji da zancen tsadar abincin kaji da maganin mura. Darakta ya cire tabarau a hankali, ya leƙa su ta tsakanin yatsunsa. Aka fara ƙyaƙyatawa daga baya.

"'Yan'uwana ma'abota wannan sana'a mai daraja," ya fara, "na san wahalarku, domin ni ma a cikinta na tsufa. Mutum ya zuba ƙarfinsa, ya hana idonsa barci, wuta ta ɗauke, komai ya lalace a dare ɗaya."

Zaure ya amsa da tafi. Wani dattijo a gaba ya ce wallahi haka ne.

"Ni da kuke gani, da hannuna na ƙyanƙyashe matasa ba adadi. Wasu sun yi fukafukai sun tashi. Wasu har yau suna ƙarƙashina ina ɗumama su."

Nan fa dariya ta ɓarke. Wata mata ta kifa kai a tebur tana bubbuga shi. Darakta ya ji daɗi, domin a can ma haka masu ilimi ke karɓar magana mai zurfi. Ya shiga kogo, ya fito da inuwa. Ya ba su labarin akuyarsa da jikanyarta, fuskarsa a murtuke kamar mai karanta hukunci. Ya yi musu nasiha cewa kada su yarda kasuwa ta sa su fitar da abin da bai nuna ba, shi nasa ya fi shekara ashirin a hannu bai sake shi ba. Wani mai ƙaton tumbi sai da aka yi masa fifita da takardar shirin taro.

A can ƙurya kuwa, a ɗakin da bai fi aji ɗaya girma ba, shugabar bikin ta duba ƙofa ta ga babu mai gabatarwa, ta ce a kashe fitila. Tsoho mai agogo ya bayyana a allo yana laluben ƙananan kusoshi da yatsa. Kowa ya zuba ido har aka gama. Wakilan gidauniya suka yi wa Auta tambayoyi, ta amsa, matar kawunta na riƙe da jakarta a baya. Kafin su tashi suka ce kyamara da ɗakin haɗa hoto nata ne na fim na gaba.

Suna fitowa baranda sai ga Darakta ya fito daga babbar ƙofa, gumi ya jiƙa ulun wuyansa, tafi na biye da shi. Ya tambaye su ina suka maƙale aka kafa tarihi ba su nan. Ya ce wa Auta ta je ta sa fim ɗinta yanzu, ya riga ya gyara mata jama'a. Auta ta dubi matar kawunta, matar ta dubi silin. Daga ƙarshe Auta ta nuna 'yar ƙofar ƙurya, ta ce a hankali an riga an nuna, kuma an dace.

Bai gama juya maganar a kansa ba, shugaban masu kaji ya iso yana share hawaye, da kiret ɗin ƙwai a hannu. Ya ɗora wa Darakta, ya dafa kafaɗarsa.

"Ranka ya daɗe, ka biya mu. Da aka ce mana mai barkwancin da muka gayyata ba shi da lafiya, za a turo wani, hankalina ya tashi. Allah ya ba shi lafiya, amma gara da bai zo ba. Kai ko murmushi ba ka yi, wannan ita ce gwaninta."

Darakta ya dubi ƙyallen kazar, ya dubi ƙwan da ke hannunsa. Mai ɗakinsa ta matso ta gyara masa zaman kiret ɗin.

"Riƙe da hannu biyu, Malam," ta ce. "Lambar yabonka ce ta farko, kuma da ita za mu karya gobe."