Kankanata Mai Awo Ɗari

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shiga ɗakin taron sashenmu na lissafi rungume da kankana. Ranar ce zan gabatar da aikina na digiri na biyu, kan yadda ake auna siffofi da iyakokinsu idan awo ya wuce uku. Mu a duniyarmu tsawo da faɗi da kauri kawai muka sani, amma a lissafi kana iya ƙara na huɗu, na biyar, har na ɗari.

A unguwar Dala na sayi kankanar, na ɗauko ta a keke napep kamar jaririya. Niyyata in burge mutane da misali. (Gaskiya na fi ɓata lokaci wajen zaɓen kankanar fiye da duba babi na uku.)

Na yi bayani tiryan-tiryan, na yanka ta gida biyu, na ce ɓawon nan shi ne iyaka, jan nan shi ne ciki. Sai Farfesa Bukar, dattijon da ke duba aikina, ya cire tabarau.

"Malam, a ce kaurin ɓawon kashi ɗaya ne cikin goma, daga baya zuwa tsakiya. Idan kankanar mai awo ɗari ce, ka fere ta, me zai rage maka?"

Ban ko kalli allo ba. "Ranka ya daɗe, kusan duka. Ɓawo ai ɗan kaɗan ne."

Falmata, abokiyar karatuna, ta sunkuyar da kai.

"To, rubuta mana," in ji shi.

Na ɗauki alli. Tara bisa goma, a ninka ta da kanta sau uku: saura kusan kashi saba'in da uku cikin ɗari. Sau ɗari kuwa... na yi ta ninkawa har amsar ta fito. Sifili, ɗigo, sifili, sifili, sifili, sifili, sannan wani ɗan biyu can a ƙarshe. Wato a awo ɗari kankanar kusan duk ɓawo ce. Kuma wannan magana tana nan a shafi na goma sha biyu na aikina. Ni na rubuta ta da hannuna, ban taɓa tsayawa na fahimce ta ba.

Aka ɗage gabatarwar da wata uku. Kafin a watse malamai suka raba kankanar suka shanye. Farfesa ya tattara ɓawon a faranti ya miƙo mini.

"Wushe, sannu da ƙoƙari, Malam. Riƙe. A awo ɗari ka fi mu samu."

Na dawo bayan wata ukun na ci, alhamdulillahi. Yanzu da nake koyarwa, duk tambayar da amsarta ta zo mini da sauri, ita nake fara tsoro. Sai in ce wa ɗalibi, "Dakata, bari mu rubuta," in yi kamar don shi nake yi.