Ƙamshin Hanyar Urika

Wani ne a unguwarmu nan Marrakish ya sayi babur. Babur ɗin na hannu ne, amma in ka ji shi yana ba da labari sai ka ce shi ya ƙera. Allah sarki, ba shi da mugunta ko kaɗan. Kan ne dai aka sauke bai gama nuna ba.

Tun da ya sayi babur ɗin nan abokansa ba su ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali ba.

"Ku masu hawa mota ai a akwati kuke tafiya," in ji shi. "Mai babur shi ke jin duniya. Iska a fuska, ƙamshi a hanci, rana a gadon baya."

"Da ƙuda a haƙori," in ji Bushaib, wanda ke sayar da tagulla.

To ana nan sai suka shirya fita shan iska kwarin Urika, bakin ruwa. Kuma fitar maza ba ta yiwuwa sai da tanjiya. Girki ɗaya ke nan da mazanmu suka iya a duniya: su cusa nama a tulu da tafarnuwa da lemun tsami da tsohon man shanu, su rufe bakin da takarda, su kai wa mai hura wutar gidan wanka ya binne musu a toka. Wuta ta wani, toka ta wani, amma yabo nasu.

Si Allal tela, babbansu, shi ya haɗa tulun da hannunsa. Da safe suka je ɗauka, mai wuta ya ce da saura. Su kuma suna sauri kada a riga su inuwar bakin ruwa.

Sai gogan ya miƙe. "Ku yi gaba a mota. Ni zan taho da ita."

"Kai?" in ji Bushaib. "Kai da aka aika sayen na'a-na'a ka dawo da tsintsiya?"

"Si Allal, ka ji shi ko? Sau ɗaya dai ku yarda da ni."

Si Allal ya dube shi. Ya ce, "Ɗan'uwa, abincin mutane ne gaba ɗaya. Can babu abin da za mu riƙe sai gurasa."

"A wuyana," in ji shi. Bai san gaskiya ya faɗa ba.

Hantsi ya yi, mai wuta ya zaro tulu daga toka, ya ajiye ya ɗan huce, ya ce, "A tsaye ake tafiya da ita. Kada ka kwantar."

"Baba, ni za a koya wa ɗaukar kaya a babur?"

Ya ruga gida ya ɗauko mayafin tsohuwarsa. Ya naɗe tulu ya goya a baya kamar jinjiri, ya ɗaure a ƙirji. Tulu kuwa a tsaye, ba laifi. Sai da ya fita gari ya ga hanya ta miƙe, ga duwatsu can gaba da ƙanƙara fari fat a kansu, sai ya tuna yadda masu tsere ke yi. Ya kwanta a kan tanki. Tulu ma ya kwanta, baki a ƙeyarsa.

Takardar bakin tulu da ta sha tururi tun jiya, ramin farko da babur ya faɗa ta ce ga garinku nan.

Yana wuce gonakin zaitun ya ji wani ɗumi ya sauko masa daga wuya, a hankali, yana bin gadon baya.

"Allahu akbar," ya ce. "Ranar dutse ke nan. Gaba sanyi, baya ɗumi. Wa zai gaya wa Bushaib?"

Ya ƙara wuta. Hanya ta fara lanƙwasa, ruwa na gudu a ƙasa, itatuwa sun yi fure. Ya buɗe hanci ya ja iska. Ya ƙara ja.

"Ikon Allah. Furen nan har da tafarnuwa-tafarnuwa yake yi."

Duk kwanar da ya sha, tsoka ɗaya ta yi tsalle. Wata ta faɗa cikin hular jallabiyarsa da ke reto a baya, wata ta sauka a kwalta. Karen farko ya fito daga wani ƙauye. Ya kira ɗan'uwansa. Kafin a jima gogan ya duba madubi ya ga ayari a bayansa, harsuna a waje.

"Dubi halittar Allah. Su ma sun san babur mai kyau."

Mata masu wanki a bakin rafi suna nuna shi suna ɗaga murya. Ya ɗaga musu hannu. Mai tasi ya matso kusa yana ta hon yana nuna bayansa. Gogan ya ce, "Hassada," ya ba shi ƙura.

Can sama ya tsaya a wata kwana don ya cika ido da kwari. Wani tsoho makiyayi na zaune a kan dutse. Ya taso ya gaishe shi, ya zagaya bayansa, ya tsaya nan.

"Baba, kullum haka garinku ke ƙamshi?"

"A'a, ɗana," in ji tsoho, baki cike. "Yau ne dai da ka zo."

Gogan ya washe baki har kunne. "Ka ji mutanen kirki. A birni wa zai gaya maka haka?"

Tsoho yana ta dafa masa kafaɗa da hannu ɗaya, ɗayan yana cikin hular jallabiya. "Allah ya yi maka albarka. Ka riƙa biyowa ta nan."

"In sha Allahu. Me kake ci ne, Baba?"

"Abin da hanya ta kawo."

Su Si Allal kuwa tun hantsi suke zaune a kan darduma, ƙafafu a ruwa. Shayi ya ƙare an sake, an sake. Gurasa na jere a tsakiya ba wanda ya taɓa. Cikin Bushaib har ya fara amsa wa kwaɗi.

Sai ga ƙarar babur. Sai ga karnuka, suka zube a inuwa suna lashe baki.

Gogan ya sauko yana miƙa, ido a lumshe. "Kun yi asara, wallahi. Hanyar nan ba a mota ake bin ta ba. Ɗumi tun daga wuya har ƙugu. Ƙamshi kuwa, ban taɓa sanin dutse na ƙamshin man shanu ba."

Bushaib ya zagaya bayansa. Ya kwance mayafi, ya ɗaga tulu da yatsa biyu. Ya kifa shi a kan faranti. Ya bubbuga gindin. Ɓawon lemun tsami ɗaya ya faɗo, ya kwanta shi kaɗai.

Gogan ya leƙa cikin tulu, ya leƙa faranti. "Mai wutar nan ya cuce mu. Na dai ji tun daga rabin hanya ba ta da nauyi."

Kowa ya dubi Si Allal. Si Allal ya dubi karnuka. Ya dubi jallabiyar da ta jiƙe sharkaf da romo, tana ƙyalli a rana, tana ɗiga a kan darduma. Ya naɗe hannun riga.

"Zauna nan tsakiya, ɗan'uwa, ka ba mu baya. Bushaib, gutsura gurasar, bismilla."