"Da Sauƙi" Ba Rahoton Likita Ba Ne

Zuwa ga Mai Girma, Masanin Zance, Shugaban Sashen Koyar da Dabarun Magana na makarantar koyon sana'o'in nan da ba zan ambaci sunanta ba, don kada in ƙara mata kwarjini.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa, wadda zan gajarta tunda na ji a wurinku doguwar gaisuwa ɓata lokaci ce. Sunana Labaran, tsohon malamin firamare, mazaunin Sabon Gari a nan Wudil. Shekaruna tamanin da ɗaya. Tun rasuwar mai ɗakina Safara'u ni kaɗai ne a gidan, sai rediyo, shi kuwa ba ya jiran amsa. Ɗana Isyaku yana aiki a Fatakwal. 'Yarsa Khaulat, da ke zaune wurin dangin uwarta a Kausani, ita ce take leƙo ni duk Juma'a. Ɗinki aka kai ta ta koya a wurinku. Ban san har magana za ku koya mata ba, don da bakinta muka ba ku ita.

Ga abin da na gani tun da ta fara darasinku.

Na ɗaya, ido. Kun ce mai sana'a ya riƙa kallon abokin ciniki cikin ido. Yarinyar da take durƙusawa tun daga bakin ƙofa, kanta a ƙasa, yanzu a tsaye take ƙura mini ido kamar mai taya bijimi a kasuwar shanu. Ranar farko sau biyu na shafa gemuna, na zaci tuwo ne ya maƙale.

Na biyu, agogo. Kun ce duk zancen da ya wuce minti ɗaya ya gundiri mai sauraro. Wane mai sauraron? Ni kwana shida nake yi ina jiran wannan gaisuwa. A da sai ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi zafi, ta tsokane ni da "Tsohon miji, har yanzu ba ka sake ni ba?" ni kuma in ce wa zai kwashi mai ƙona miya. Yanzu kuwa sai, "Kaka, manufar zuwana uku ce." Manufa! A ɗakin kakanta!

Na uku, kuma shi ya sa na nemo alƙalami. Ranka ya daɗe, a wane gari aka haife ka? A namu garin, in an tambayi majinyaci jiki, "da sauƙi" zai ce, ko da an riga an aika sayen likkafani. Godiya ce ga Allah, ba rahoton likita ba. Mai hankali sai ya nemi wuri ya zauna, ya sake tambaya, a ta uku ya ce a nuna masa wurin ciwon. Ba a koya mana wannan a elementare ba, don ba a zaci akwai wanda bai sani ba.

Juma'a uku da suka wuce ƙafata ta hagu ta kumbura har takalmi ya ƙi shiga. Isyaku ya yi niyyar zuwa ya kai ni asibiti a Kano, amma ya ce Khaulat ta fara dubo ni. Ta zo, ta ce yaya jiki, na ce da sauƙi. Ta gyaɗa kai sau uku yadda kuka koya mata, ta ce, "Idan na fahimce ka daidai, Kaka, ka samu sauƙi." To me zan ce? In janye godiyata ga Allah a gaban jikata? Na ce alhamdu lillahi. Nan take ta tura wa ubanta saƙo gajere, tsararre, babu kuskuren rubutu ko ɗaya: "Kaka ya warware." Isyaku ya fasa tafiya. Ƙafar tana ƙarƙashin mayafi, taku biyu daga inda take tsaye. Ba ta ce in yaye ba, don babu wannan a littafinku.

Na ji ita ta zo ta ɗaya a wannan darasi. Ina taya ku murna.

Za ka ce me ya hana ni gaya wa Isyaku da kaina. Ya bugo waya, ranka ya daɗe. Ya ce, "Baba, yaya jiki?" Me kake zato na ce?

Ba na roƙon a rufe sashenku, malamanku ma suna da iyali. Ba na kuma ganin laifin yarinyar, abin da aka ɗora mata ta ɗauka. Roƙona ɗaya ne. Tunda maganarku kaɗai take ji yanzu, ku karanta mata wannan a aji. Na tsara shi yadda kuke so, na gwada da agogo, bai kai minti ɗaya ba:

"Khaulat, babu sauƙi. Kumburin ya kai gwiwa. Ki gaya wa babanki. In kin zo Juma'a kuma, ki zauna."

Shekara tamanin da ɗaya ban taɓa faɗin haka ga kowa ba. Ku kuka sa ni, sai ku rubuta shi cikin nasarorin sashenku.

Naka mai biyayya ƙwarai, wanda da ya zo ya durƙusa a gabanka da ƙafar ta yarda,

Malam Labaran Ja'afar
Tsohon malamin aji huɗu
Sabon Gari, Wudil