Ƙwallon Dabino Sha Ɗaya a Gaban Alƙali

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da aka sake buɗe boda ba, bayan watannin nan da ta sha a rufe. Mutanen Jibiya suna tuna ta da dawowar manyan motoci da farfaɗowar kasuwa. Ni kuwa da ƙwallon dabino goma sha ɗaya nake tuna ta.

Sana'ata ajiya ce. Ina da sito mai ɗaki biyu a bayan tasha, inda 'yan kasuwar Maraɗi bakwai ke barin kayansu a hannuna, wake da albasa da dabino, su koma gida su yi barci har da minshari. Babu takarda tsakaninmu. Sunana shi ne jarina, kuma shekara ashirin ba a taɓa cewa ko tiya ɗaya ta yi ƙafa ba. A lokacin ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci da ake mana bayan la'asar. Na fara haɗa baƙi, abin kuma ya hau mini kai. Duk allon da na gani a titi sai na tsaya na karanta shi da ƙarfi, ko an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba.

A shekarar aka buɗe wani kanti irin na birni, wanda mutum ke shiga ya ɗauki kaya da kansa ya biya a bakin ƙofa. Wata Laraba da hantsi maiɗakina ta ce in sayo mata sabulu da madara, na ce bari in je in ba idona abinci. A jikin ƙofar an manna takarda. Na gyara tsayuwa, na ɗora yatsa, na bi ta baƙi bayan baƙi har maigadi ya ji: duk wanda aka kama ya ɗauki kaya bai biya ba, za a kai shi kotu. Maigadin ya yaba mini. Daɗi ya kwashe ni, na ƙara da sharhi, na ce haka ya kamata, ɓarayi sun yi yawa a garin nan, a riƙa zane su a bainar jama'a. (Ka riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.)

A ciki na tarar da dabino an zuba shi a wani babban faranti, ba murfi, ba mai tsaro. To, kowa ya san yadda muke ciniki a kasuwa. Ba a sayen dabino ko gyaɗa ko kilishi sai an ɗanɗana, in ma ka ƙi sai mai kaya ya ga kamar ka raina hajarsa. Na ɗauki ɗaya. Na biyu don in tabbatar ne. Na je wajen sabulu na dawo, na je wajen madara na dawo, kowace hanya a kantin nan sai ta bi da ni ta gaban farantin. Matsalar ita ce ƙwallon. Daɓen yana ta ƙyalli kamar madubi, na ji kunyar tofarwa a ƙasa, sai na riƙa jefa su a aljihu. Tarbiyya ce ta kashe ni. A ƙarshe na yanke hukunci cewa dabinon ya yi tsada, na biya kuɗin sabulu da madara, na nufi ƙofa ina sakace.

Maigadi ya riƙe mini hannun riga cikin ladabi, ya ce manaja na son ganina. Wallahi abin da ya zo mini shi ne labarin karatuna ya kai ciki.

Manajan sa'an ɗana ne. Ya juyo mini wata talabijin, sai ga ni a ciki, an ɗauko ni daga sama, hula a karkace, muƙamuƙi na aiki kamar na raƙumi. Ranar na fara fitowa a talabijin. Ya tambaye ni nawa na ci, na ce ba za su wuce uku ba.

"Baba, zazzage aljihunka."

Fensir ya faɗo, ɓarin goro ya faɗo, sannan ƙwallaye suka biyo baya. Ya jera su a tebur da bakin biro. Goma sha ɗaya.

Na yi masa bayanin ɗanɗano tun daga kakanni. Ya ce ya gane, amma tun da aka buɗe kantin kaya ke ɓacewa, kuma mai kantin ya rantse duk wanda aka fara kamawa sai ya ga alƙali, ko ubansa ne. Haka aka ratsa da ni ta tasha zuwa ofishin 'yan sanda, 'yan acaba suna gaishe ni ina amsawa kamar ɗaurin aure za ni.

Ɗan sandan da ya rubuta bayanina ya ce doka ba ta san ɗanɗano ba. Ɗaukar kayan wani ba da izininsa ba sata ce, saniya ce ko allura, kuma alƙali na iya cin mutum tara, ko ya ɗaure shi, ko ya sa a yi masa bulala. Ba bulalar ce ta dame ni ba. Wa zai ƙara ba ɓarawo makullin kayansa? Da ya gama ya turo mini tawada in dangwala yatsa. Na ce a'a, na iya sa hannu. Shekara biyu ina koyon rubuta sunana, ina tanadin ranar da zan fara ɗora shi a takardar hukuma, ashe a ƙarƙashin satar dabino zai sauka. Har ya ce rubutuna da kyau.

Alhaji Isufu, babba a cikin 'yan Maraɗin da nake wa ajiya, shi ya zo belina. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam, mi nika ji? Buhu arba'in na dabino na bar maka ba ka taɓa ko guda ba, sai na masu kyamara? Da a wajenmu ne da yanzu kana kaso a ɗaure kana ƙirga sauro."

Ya yi dariya har da hawaye, sannan ya ba ni shawara a hanya: in alƙali ya tambaya, in ce ban iya karatu ba, ban san abin da aka rubuta a ƙofa ba. Ya ce tsoho jahili kowa na tausaya masa.

Bayan kwana biyu aka shiga kotu. An zuba ƙwallayen a farar leda, an manna mata lamba kamar an kama makamai. Da na waiga sai ga malaminmu na yaƙi da jahilci a bencin baya, da rabin 'yan ajinmu, wai sun zo ƙarfafa mini guiwa. (Kallo suka zo.) Aka karanta tuhuma, alƙali ya dube ni ta saman tabarau ya tambaye ni ko na ga takardar da ke ƙofar kantin, ko kuwa ban iya karatu ba. Alhaji Isufu ya yi gyaran murya. Na tuna maigadi yana nan zaune, na tuna malam yana bayana, na tuna shekara biyun da na yi ina fama da baƙi da wasali.

"Na karanta, ranka ya daɗe. Da ƙarfi ma."

"To da ka karanta, me ka fahimta?"

"Na ɗauka da ɓarayi ake."

Sai da ɗan sandan kotu ya buga tebur kafin dariya ta lafa. Alƙali ya ce ɗanɗano shi ne wanda mai kaya ya miƙo maka da hannunsa, kuma ko a kasuwa guda ɗaya ne ɗanɗano, sha ɗaya kalaci ne. Saboda laifin farko ne, ga furfura, ga shi na amsa da bakina, ya ce in biya dabinon in kuma biya tara. In na sake, gidan yari. Maigadi ya raɗa mini a waje cewa in gode Allah ba a yi aiki da shawarata ta bulala ba.

Abin da na koya shi ne, in ka karanta gargaɗi, fara laluba aljihunka kafin ka waiga neman wanda ake nufi.

Ga abin da na rasa: yini biyu na aiki, tarar da ta isa sayen dabinon azumi guda, da biyu daga cikin 'yan kasuwa bakwai da suka kwashe kayansu. Sai sunana na yanka, don yanzu daga tasha har boda Malam Ɗanɗano ake kira na. Alhaji Isufu bai tafi ba. Har gobe ni ke riƙe masa wake da albasa. Dabinon dai ya mai da shi wani siton.