Sabulun Kaka a Kwalaben Dogo

"Lafiya lau, sai dai ganinka da ya ɓata min safiya," in ji Kaka, tana cuɗa faranti a bakin famfon kicin.

Jikan nata, wanda take kira Dogo saboda tsabar gajartarsa, bai ko yi murmushi ba. Wata da watanni yana rainon ƙwayoyin bakteriya a ɗakin bincike, yana tatso wani sinadari daga jikinsu, furotin, da ke harhaɗuwa ya yi zobe. Jiya zoben ya tarwatse. Da ya girgiza kwalbar da furotin ɗin ke ciki sai ga kumfa, har da ƙamshin lemo. Malaminsa ya ce in bai gano dalili ba, aikin ya mutu ke nan.

"Tsohuwa, wa ya taɓa sababbin kwalaben da na bari a kan tebur kafin in kai su ɗakin bincike?"

"Ni na wanke su. Ina auren ƙazami, in zuba ido?"

"Kin ɗauraye?"

"Na ɗan watsa musu ruwa."

"Kin kashe ni! Furotin ɗin nan halinku ɗaya, ba ya son wanka. Ɗan ɗigon sabulu na musamman da muke aunawa mu zuba masa shi ke hana shi dunƙulewa. In ya yi yawa, sai ya warware shi gaba ɗaya."

"Ni ce ba na son wanka? Kai da sai an danne ka a baho kana kururuwa har maƙwabta su leƙo?"

"Da wannan hannun naki mai kama da soson ƙarfe, wa zai yi shiru?"

"Mazan kirki na kiwon kaji, nawa mijin cuta yake kiwo. Sake ni in huta!"

"Wa zai kwashe ki? Haƙori biyu, su ma ba sa ga-maciji."

Kaka ta buɗe baki za ta rama, sai ta ga idonsa ya yi ja. Ta kashe famfon.

"Dogo, da gaske na ɓata maka?"

Tausayinta ya kama shi, don ya san idonta ba ya ganin kumfa sosai yanzu.

"Kin ɓata. Amma in na kai sabulun aka gwada aka ga shi ne, Malam zai bar ni in sake."

Nan take ta cusa masa robar sabulun a jaka.

"Ungo. Ka ce masa matarka ce ta yi, in ya isa ya zo ya same ni."

Dogo ya tuntsire da dariya, ya naɗe hannun riga.

"Na sallama. Matsa can, amarya, daga yau ni ne mai ɗauraya."